An riga ni ɗaukar .com na sunan shagona, wace wutsiya zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida ina sayar da turaren wuta da humra a Kaduna, galibi ta WhatsApp da Instagram, kuma na yi wa sunan kasuwancina rajista a hukumar CAC. Da na tashi buɗe shafin intanet, sai mai haɗa mini shafin ya ce wani ya riga ya ɗauki sunan da .com, ya kuma sa masa kuɗin da ya fi ƙarfina. Ya ce in zaɓa tsakanin .com.ng da .store da .co, shi zai saya mini a asusunsa don ya rage mini wahala. Wata ƙawata kuma ta ce duk adireshin da ba .com ba Google ba ya nuna shi. Na riga na ba da aikin buga kwalaye dubu biyu, adireshin kawai ake jira, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, amma ki ce wa mai buga kwalayen ya dakata na kwana biyu, domin a cikin tambayarki akwai jumla ɗaya da ta fi batun wutsiyar adireshin (wato ƙarshensa, kamar .com ko .ng) tayar mini da hankali, kuma zan zo kanta.

Maganar ƙawarki jita-jita ce da ta daɗe tana yawo. Tun a 2015 Google ya bayyana cewa sababbin wutsiyoyi irin su .store da .shop daidai yake ɗaukarsu da .com, ba ya fifita su, ba ya kuma danne su. Wutsiyar ƙasa irin .ng ma tana taimaka masa ya gane cewa masu sayen kayanki a Najeriya suke. Jumia da jumia.com.ng take ciniki a ƙasar nan, Jiji da Legit kuwa .ng suke amfani da ita, kuma babu wanda ya taɓa rasa su a Google saboda haka. Takardar CAC ita ma ba za ta ƙwato miki .com ɗin ba, domin rajistar sunan kasuwanci daban take da rajistar alamar kasuwanci, kuma shigar da ƙara kan irin wannan rikici a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, yana farawa ne daga dala 1,500, sannan sai kin tabbatar da cewa da mugun nufi mutumin ya ɗauki sunan.

A cikin ukun da aka ba ki, .co ce zan fara cirewa. Asalinta ta ƙasar Kolombiya ce, kuma ba ta da wani aibi a fasaha, sai dai harafi ɗaya ne tsakaninta da .com, yatsun mutane kuwa sun saba ƙarasa harafin da kansu. A 2011 wani babban kamfanin ciniki na Amurka, Overstock, ya koma kiran kansa O.co, ya kashe kuɗi masu yawa a talla, amma kafin shekarar ta ƙare ya ja da baya, saboda masu saye suna ta rubuta o.com. Ke da yawancin tallarki ta saƙon murya take tafiya, ki gwada faɗin adireshin ga ƙanwarki a waya sau ɗaya, ki ga abin da za ta rubuta. Ita kuma .store tana cikin wutsiyoyi fiye da dubu da suka fito bayan ICANN, hukumar da ke kula da adiresoshin intanet na duniya, ta buɗe ƙofa a 2012. Tana da kyau a ido, amma a shekarar farko ake karya farashinta don a jawo mutum, kuɗin sabuntawa ya kan ninka wancan sau da yawa, kuma da dala ake lissafinsa. Ki nemi a nuna miki kuɗin shekara ta biyu a rubuce kafin ki amince.

Shawarata ita ce .com.ng, kuma idan da hali ki haɗa da .ng ta sunan, ɗaya ta riƙa tura mutane zuwa ɗayar. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da su tun bayan kafa ta a 2005, ana biya da naira ta hannun kamfanonin rajista da ta amince da su, don haka ba ki da fargabar katin banki ya ƙi biyan dala ranar sabuntawa. Sharaɗi ɗaya ne: ki buɗe wancan .com ɗin ki ga abin da ke cikinsa. Idan fanko ne mai jiran mai saye, ki ci gaba. Idan kuwa wani ne ke sayar da turare ko kayan kwalliya a ciki, sauya wutsiya ba zai raba ku ba, gara ki ƙara kalma a jikin sunan, kamar "turare" ko "kaduna".

Yanzu ga jumlar da na ce zan dawo kanta: "zai saya mini a asusunsa". Kalmomi biyu ne a ciki, kowacce da nata haɗarin. Na farko, ba a sayen adireshin intanet, hayarsa ake yi, kamar rumfa a kasuwa, daga shekara ɗaya zuwa goma a .com da 'yan uwanta. Na biyu, wanda sunansa da imel ɗinsa suke cikin rajistar shi ne mai adireshin a idon kamfanin rajista, ko da kuwa daga aljihunki kuɗin ya fito. Babu 'yar kasuwar da za ta biya kuɗin fili ta yarda a rubuta takarda da sunan dillali don a rage mata wahala, amma kusan kullum sai na haɗu da masu hankali da dukiya da suka yi daidai wannan a intanet, saboda an tsorata su da cewa abin na masu ilimin kwamfuta ne. Cike fom ɗin rajistar bai kai buɗe asusun banki a waya wuya ba, minti goma ya isa.

Bara wani mai makarantar kuɗi ya zo ofishina riƙe da takardar shigar ɗalibai, adireshin makarantar a buge a ƙasanta, haka ma a jikin motar ɗaukar yara da allon bakin ƙofa. Da muka buɗe adireshin, tallar caca ce ta fito. Yaron da ya haɗa masa shafin shekara uku da suka wuce ya yi rajistar da imel ɗinsa, daga baya ya bar garin ya sauya lamba, saƙonnin tunatarwa suka yi ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. A wutsiya irin .com, idan wa'adi ya ƙare akwai ɗan lokacin sassauci da ba ya wuce kwana 45, sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana 5 na jira, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga, kuma akwai masu na'urorin da aikinsu ke nan, jiran adireshin da ya faɗi su cafke. Malamin ya yi ta nuna mini rasidin kuɗin da ya tura wa yaron, ni kuwa ba ni da abin da zan yi masa da rasidi. Imel ɗin makarantar ma da adireshin ya tafi, ma'ana duk iyayen da suka aika saƙo can, wanda ya kama adireshin yana iya karɓarsa.

Ba ina cewa mai haɗa miki shafi macuci ba ne, yawancinsu sakaci ne da son sauƙi. Amma akwai waɗanda da gangan suke yin haka, domin ranar da kika ce za ki koma wurin wani, sai a ce miki sai kin biya kafin a saki adireshin, a lokacin kuma kwalayenki sun riga sun shiga gidaje dubu biyu. Wanda duk ya ce miki ba zai iya aiki ba sai adireshin yana hannunsa, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san abin da yake nufi.

Saboda haka ki buɗe asusu da kanki a kamfanin rajista da ke cikin jerin NiRA, da imel ɗin da kike dubawa kullum da lambar wayarki, kalmar sirri kuma ta zauna a wurinki. Ki biya na shekara biyu ko fiye idan aljihu ya yarda, ki rubuta ranar ƙarewa a littafin cinikinki. Abin da shi yake buƙata kawai bayanan da za su haɗa adireshin da ma'ajiyar shafin, kuma yana iya karanta miki ki shigar, ko ku zauna tare ya shigar a gabanki. Idan har ya riga ya yi rajistar, ki sa ya mayar da ita sunanki da asusunki a wannan makon, kafin ki biya shi cikon kuɗin aikinsa. Sai kin ga sunanki a shafin mallaka da idonki sannan ki tura wa mai buga kwalaye adireshin.