Kwalejin Ginling: Me Ya Sa Aka Ware Wa Mata Tasu Makaranta a Ƙasar Sin?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wata kwaleji ta mata zalla da 'yan mishan suka buɗe a birnin Nanjing na ƙasar Sin a farkon ƙarni na 20. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da akwai jami'ar maza a garin, me ya hana a zuba matan a cikinta kawai? Kuma ina kwalejin ta ƙare?

Amsa: Malama, kwalejin da kike nufi ita ce Ginling. Ƙungiyoyin mishan guda biyar na Amurka ne suka haɗa kai a 1913 suka tsara ta, aka fara karatu a 1915 a wani tsohon gidan haya na dangin Li Hongzhang, babban jami'in daular Qing, gidan sarauta na ƙarshe da ya mulki ƙasar Sin. Shugabarta ta farko Matilda Thurston ce.

Sai ki tuna halin da ƙasar take ciki. Gwamnatin Qing ba ta amince da makarantun 'yan mata a hukumance ba sai 1907, Jami'ar Peking kuwa sai 1920 ta fara karɓar mata. Saboda haka a 1915 zancen a haɗa budurwa da samari a aji guda bai ma taso ba, ba uban da zai yarda. Ko a haka ma ɗaliban shekarar farko ba su taka kara sun karya ba, domin 'yan matan da suka gama sakandare ƙalilan ne. Biyar kacal suka kammala a 1919, kuma suna cikin matan farko da suka sami digiri a cikin ƙasar Sin.

Amma a ganina wannan rabin amsar ce. Bayan 1920 jami'o'i sun buɗe wa mata ƙofa, an kuma yi ta maganar a haɗe Ginling da Jami'ar Nanking, wato jami'ar mazan nan ta garin, Thurston ta kafe. Hujjarta mai ƙarfi ce: inda maza suka yi rinjaye, su ne shugabannin ƙungiyar ɗalibai, su ne masu magana a aji, mata sai kallo. A Ginling kuwa komai a hannun mace yake, daga ɗakin gwaje-gwaje har kujerar shugaba. Kwalejin Smith ta Amurka, ita ma ta mata zalla, ta riƙa tallafa mata da kuɗi da malamai, kuma a 1923 aka tare a sabon mazauni da Henry Murphy ya zana, gine-gine na zamani masu rufi irin na fadar sarakunan Sin.

Ga inda hujjar ta tabbata. A 1927 sojojin Kuomintang, jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Sin, suka shiga Nanjing, Turawa suka fice na ɗan lokaci, sabuwar gwamnati kuma ta ce duk makarantar da ke son rajista sai ɗan ƙasa ya shugabance ta. Ginling ba ta je nesa neman magaji ba. Wu Yifang, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na 1919, ta dawo daga Jami'ar Michigan da digirin digirgir a ilimin ƙwari, ta karɓi shugabanci a 1928, ta riƙe har 1951. Ita ce kuma ɗaya daga cikin mata huɗu da suka sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945.

Abin da ya fi sa a san sunan Ginling a waje, sai dai kash, ba karatu ba ne. Da Japan ta kama Nanjing ranar 13 ga Disamba 1937, ɗalibai sun riga sun watse, daga baya aka ci gaba da karatu a birnin Chengdu. Wata malama Ba'amurkiya, Minnie Vautrin, ta ƙi tafiya. Ita da Tsen Shui-fang mai kula da ɗakunan kwana suka buɗe ƙofa, mata da yara wajen 10,000 suka cika wurin da aka gina don 'yan ɗaruruwa, ana kwana a matakala da baranda cikin tsananin sanyi. An shimfiɗa ƙatuwar tutar Amurka a filin makaranta don matuƙan jiragen saman Japan su gani. Duk da haka sojojin Japan suna haurowa da dare su ɗebi mata, Vautrin tana bin gini-gini tana korarsu, har mari ta sha. Abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarta, ta koma Amurka a 1940, ta kashe kanta a 1941.

Ƙarshen kwalejin kuwa siyasa ce ta kawo shi. Bayan 'yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949 aka yanke kuɗin mishan, a 1951 aka haɗe ta da Jami'ar Nanking, haɗin da Thurston ta guda. A 1952 harabarta ta koma hannun kwalejin horar da malamai ta Nanjing, wadda daga baya ta zama jami'a, kuma a cikinta aka sake farfaɗo da sunan Ginling a 1987, shekara biyu bayan rasuwar Wu Yifang.