Yaya, ga abin da ya sa yaranmu na Bronx suke haddace maki

Yaya, ka ce da kuka yi waya da ɗanka ka tambaye shi Arsenal yake yi ko Chelsea, sai ya yi tsit, daga baya ya hau zuba maka lissafin makin wani LeBron, ɗan wasan ƙwallon kwando. Har kana tambaya ko sakaci muka yi da yara. Wallahi ba sakaci ba ne, garin ne haka. Nan Bronx da wuya ka ga filin ƙasa irin na bayan gidanmu. Abin da ke tsakanin benaye daɓen siminti ne da kwando a kan ƙarfe, yaro da ƙwallonsa shi kaɗai sai ya wuni a wurin.

Ku a gidan kallo musunku wa ya ɗauki kofi, wa ya fi yanka. Su nan lamba ce hujja. Ka ce 100, ko ɗan firamare ya san Wilt Chamberlain kake nufi, wanda ya zuba maki ɗari shi kaɗai a wasa ɗaya ranar 2 ga Maris 1962. Ƙungiyar garinmu ma, New York Knicks, ya yi wa wannan aika-aika. Ka ce 81, su ce makin da Kobe Bryant ya ci a wasa ɗaya a 2006.

Mu manya kuwa suna ne ya ja mu. Farkon zuwana ban san komai a wasan ba, sai na ji wai wanda ya fi kowa maki a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sunansa Kareem Abdul-Jabbar. Na ce Abdul wa? Ashe ɗan New York ne, da Lew Alcindor ake kiransa, ya musulunta ya sake suna. Tun 1984 ya wuce Wilt, ya yi ritaya da maki 38,387. Dattawanmu, 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana da mu 'yan Najeriya, wasunsu ko dokar wasan ba su sani ba, amma wannan lambar tasu ce.

Shi ya sa daren 7 ga Fabrairu 2023 falona ya rabu biyu. A Los Angeles ake wasan, nan dare ya kusa rabawa, ku kuma kuna shirin asuba. Yara a ƙasa kan kafet suna ƙirga makin da ya rage wa LeBron ya wuce Kareem, mu a kujera da shayi, ba mai cewa uffan. Ana dab da gama zango na uku cikin huɗu LeBron James ya ja da baya ya jefa, ta shiga, ya wuce Kareem. Sai aka tsayar da wasa cak, abin da ban taɓa gani a ƙwallon ƙafa ba. Kareem ya taso da tsufansa ya miƙa masa ƙwallo a tsakiyar fili. Ka duba fa, lokacin da ya kafa tarihin nan ba a ma haifi LeBron ba. Lakers, ƙungiyar LeBron, kuma suka sha kashi a daren, ba wanda ya damu.

Nan musu ya ɓarke. Wani dattijo ya ce ai jifan nesa mai maki uku ne ya ɗaga LeBron, Kareem a shekara 20 sau ɗaya tak ya ci irinsa. Ɗanka ya ɗago waya ya ce, "Baba, Kareem wasa 1,560 ya buga, LeBron a na 1,410 ya wuce shi." Da a gida ne da na zare masa ido. Amma da ladabi ya faɗa, kuma gaskiya ce. Ni dai har gobe ina wajen Kareem.

Inda kowa yake sauke murya shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, na Houston Rockets. Makinsa 26,946, kofi biyu a jere, 1994 da 1995, kuma da azumi a bakinsa yake shiga fili. In Ramadan ya zo yaro ya fara cewa yana da atisaye a makaranta ba zai iya ba, sunan Hakeem kawai uwarsa take ambata.

Rigar da autanka ya roƙa na saya, mai lamba 34 ta Hakeem. Ɗanka ya ce ta tsofaffi na zaɓo, wai 23 ta LeBron ake yayi. In mai tafiya ya samu bayan salla zan ba da ita.