Adireshi nawa zan sa a fom ɗin bizar aure ta Amurka? Ga abin da ya faru da ni

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce maigida yana Amurka ya shigar miki da takardu, yanzu an zo kan DS-260, wato fom ɗin neman bizar zama da ake cikawa ta intanet, kuma mai kafe ɗin da ke taya ki cikawa ya ce ki sa adireshin gidanku na Kaduna kawai ki wuce wajen, kada ki ambaci Zariya da kika yi karatu, da Osun da kika yi bautar ƙasa, balle wata 14 da kika yi wajen gwaggonki a Kumasi tunda a mota kika je kuma babu sitamfi a fasfonki na yanzu. Toh dan Allah kada ki bi wannan shawarar. Ni irinta aka ba ni, kuma sai da ta ci min wata huɗu.

Fom biyu ne suke tambayar inda mutum ya zauna, kuma ba tambaya ɗaya suke yi ba, a nan mutane da yawa suke rikicewa. I-130A, wanda ake haɗawa da I-130 (fom ɗin da miji ke shigarwa don neman matarsa) tun farko, na shekara 5 da suka wuce kawai yake so. Shi kuwa DS-260 da kike kai yanzu, duk inda kika zauna tun kina shekara 16 yake tambaya, da wata da shekarar da kika shiga da wanda kika fita. Kuma ranar intabiyu duka biyun suna gaban jami'in, idan na farko ya ce kina Osun a wata shekara, na biyu ya ce ba ki taɓa barin Kaduna ba, kin ga ai ke da kanki kin buɗe ƙofar tambayoyi. Don haka kafin ki taɓa komai ki ce wa maigida ya turo miki kwafin abin da ya shigar, ki ajiye a gefe kina dubawa.

Mu a ƙarshen 2017 mijina ya shigar da namu. Da aka zo kan DS-260 ina da ƙaramin ciki ga laulayi, sai na ba wani mai kafe a unguwarmu a Kano ya cike min, ya ce ai shi ya yi wa mutane da yawa, yawan adireshi yawan matsala ne. Ya sa gidan babanmu tun ina 16 har ranar. Alhali na yi wata 17 a Kuala Lumpur ina digiri na biyu, kuma a ɓangaren karatu na wannan fom ɗin dai ya rubuta makarantar ta Malesiya da hannunsa. Ban duba ba na ce ya tura.

Ranar intabiyu a Legas, a 2019, bayan na ɗaga hannu na yi rantsuwa an ɗauki hoton yatsuna, matar ta yi min tambayoyin aure, a ina muka haɗu, yaushe ya zo gida na ƙarshe, duk na amsa lafiya lau. Sai ta ɗauki tsohon fasfona tana buɗawa shafi shafi, ta tsaya a kan sitikar ɗalibai ta Malesiya, ta kalli kwamfuta, ta sake kallon fasfon, ta ce tsawon wane lokaci na yi a can. Wallahi a lokacin hannuna rawa yake a kan kantar. Na faɗa mata gaskiya, wata 17, kuma ba ni na cike fom ɗin ba amma ni ce ban duba ba. Ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan, ta gyara a kwamfutarta, sannan ta turo min takarda ta ƙasan gilashi, wadda ake kira 221(g), wai sai na kawo takardar shaidar hali, wato irin takardar 'yan sanda, daga Malesiya. Na fito na zauna a gefen titi ina kuka, ga kuɗin jirgi daga Kano ga na masauki ga na asibiti duk an kashe. Kafin in nemi takardar ta fito in aika a sake duba fayil ɗina, wata huɗu sun tafi, kuma ita wannan takardar da tun muna matakin NVC (cibiyar da ke tattara takardun biza a Amurka kafin intabiyu) na nema da ba ta tsayar da komai ba.

Kin ga dalilin da ya sa suke son adireshin kenan, da shi ake gane ƙasashen da za ki kawo takardar 'yan sanda daga cikinsu. Ƙa'idar ita ce duk mai shekara 16 zuwa sama zai kawo ta ƙasarsa idan ya zauna a cikinta sama da wata 6, da ta ƙasar da yake zaune yanzu idan ya wuce wata 6, da ta duk wata ƙasa da ya yi wata 12 ko fiye yana da shekara 16 ko sama, sai kuma duk inda aka taɓa kama shi komai gajartar zamansa. Wata 14 ɗinki na Kumasi, tunda kin ce kina 19 a lokacin, ya faɗa ciki, ki fara neman ta Ghana tun yau. A shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka akwai bayanin kowace ƙasa da yadda ake samun takardarta, ki bi abin da suka rubuta a kan Ghana sak. Zariya da Osun kuwa ba za su ƙara miki ko takarda ɗaya ba, ta 'yan sandan Najeriya guda ɗaya ce ta ƙasar gaba ɗaya, to me za ki ɓoye a ciki?

Maganar wai babu sitamfi ba wanda zai sani, a nan nake son ki nutsu. Ba fasfo kaɗai ke nuna inda mutum ya zauna ba. Fom ɗin yana tambayar sunayenki na Facebook da sauran su na shekara 5, ga hotuna, ga tarihin karatu da na aiki da za a ga giɓi a ciki, ga shi kuma ana iya tambayarki kai tsaye bayan kin rantse. Kuskure daban, ɓoyewa da gangan daban. Idan kin sa Maris alhali Afrilu ne ba wanda zai kama ki da wannan. Amma idan suka gamsu cewa da saninki kika ɓoye abu mai muhimmanci don ki samu biza, dokarsu hani ne na har abada, sai dai a nemi yafiya da fom I-601, shi ma sai an nuna mijin zai shiga matsanancin hali, ga kuɗin lauya, kuma ba tabbas. A kan zama wajen gwaggo, abin da ba laifi ba ne ko kaɗan.

Yadda na taya ƙanwata ta yi nata bayan nawa, takarda da biro muka ɗauka muka fara daga watan da ta cika 16 muka gangaro, inda wannan ya ƙare nan na gaba yake farawa, ba mu bar wata ko ɗaya babu gida ba. Inda ta manta muka nemo takardar shiga jami'a, da takardar kiran bautar ƙasa, da rasit ɗin haya, har Hajiyarmu muka kira, ita da haihuwar jikoki take lissafi kuma ba ta kuskure. Hostel mun sa, gidan da ta zauna lokacin bautar ƙasa mun sa. Umara ta sati biyu da zuwa biki Maraɗi ba zama ba ne, su akwai tambayarsu daban ta ƙasashen da mutum ya je cikin shekara 5. Gidan da ba shi da lamba kuma kada ki ƙirƙiro masa, ki rubuta sunan layi da unguwa da gari da jiha yadda ake kwatance, ki riƙe rubutu iri ɗaya a ko'ina.

Wani wuri kuma da ake zamewa, I-130 yana tambayar adireshin ƙarshe da ku biyu kuka zauna tare. Da yawanmu miji sati uku yake zuwa bayan ɗaurin aure ya koma, ki tambaye shi me ya rubuta a nan, kuma idan bayan biki kin tare a gidan surukai to adireshinki ya canza daga wannan watan, ki sa shi.

Ba ki faɗa ba ko an riga an danna turawa. Idan ba a tura ba, ki karɓi lambar fayil ɗinki daga hannun mai kafen ki zauna da maigida a waya ku gyara. Idan an tura, fom ɗin yana kullewa, sai ku rubuta wa NVC ta fom ɗin tambayoyinsu na intanet ku roƙi a buɗe muku. Idan kuma fayil ya riga ya tafi Legas, ki tafi da jerin adireshin a rubuce da takardar Ghana a hannu, kina isa gaban gilashi ki ce akwai gyaran da kike son yi kafin a fara tambayoyi. Allah Ya sa ki haɗu da maigida cikin sauƙi, in kin rubuta jerin kin maƙale a wani wuri ki dawo nan ki faɗa mu duba tare.