Za mu tafi hutu ƙasar waje da yaron da bai cika shekara biyu ba: me zan zuba a akwati?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana muna shirin tafiya hutun kwana 10 a wani otal na shaƙatawa da ke bakin teku a ƙasar waje, nan da wata biyu. Ɗanmu watansa 22 yanzu, ranar cikarsa shekara biyu ma a can za ta same mu. Bai taɓa shiga jirgi ba, tafiyar kuma ta awa 7 ce, ga shi da ƙiriniya. Kayan da na lissafa masa sun fi akwati biyu, kuma har yanzu ji nake na manta wani abu. Wata ƙawata ta ce in ba shi maganin mura mai sa barci kafin mu tashi. Don Allah me ya kamata in ɗauka, me kuma zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya raya shi, ya kai ku lafiya.

Kafin maganar akwati, akwai abin da kika faɗa a wucewa wanda ya fi komai gaggawa, wato cikarsa shekara biyu kuna can. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna barin yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna a cinya, a biya masa ɗan kaso na kuɗin tikitin babba. Daga ranar da ya cika biyu kuwa, dole sai da kujerarsa. Ke nan zai iya tafiya a cinyarki, amma a dawowa ba za a yarda ba. Kowane kamfani da yadda yake lissafa irin wannan, don haka maigida ya kira su tun yanzu, ya faɗa musu ranar haihuwar yaron, kada sai kun je filin jirgi ranar komowa a tare ku. Idan da hali, ni shawarata a saya masa kujera zuwa da dawowa. Riƙe yaro mai kusan kilo 12 na awa 7 wahala ce, ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi kuma ya riga ya yi masa kaɗan.

Fasfo nasa ne na kansa, biza ma haka idan ƙasar tana buƙata. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, sai ki duba na ku ukun duka. Ki haɗa da takardar haihuwarsa da katin rigakafinsa, ki kuma ɗauki hotonsu a waya.

Wata biyun da ya rage muku ya yi daidai, domin ana son a ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. A duba ko ya kammala allurorin shekarunsa, musamman ta ƙyanda, wadda ke saurin yaɗuwa a wuraren cunkoso irin filin jirgi. Wasu ƙasashen ba a shiga sai da katin rigakafin cutar shawara. Ana yin allurar daga wata 9, katin yana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai, ba sai an sabunta ba. Idan inda za ku akwai zazzaɓin cizon sauro, likita ne zai zaɓa masa maganin kariya gwargwadon nauyinsa, don ba duk na manya ake ba yara ba.

To, akwati biyun nan. Iyaye kan cika babban akwati da kayan sawa su yi sakaci da jakar hannu, alhali babban akwati yana iya makara ko ya bi wani jirgin, jakar hannu kuwa tana tare da ke. Ki shirya ta kamar awa 24 za ku yi ba ku ga sauran kayanku ba. Famfas ki lissafa ɗaya duk awa biyu zuwa uku, tun daga fita gida har shiga ɗakin otal, sannan ki ƙara huɗu ko biyar saboda jinkirin jirgi. Ki sa masa kayan canji kala biyu, ke ma ki sa riga ɗaya, domin aman yaro a jikin uwa yake ƙarewa. Sai tsumman goge jiki mai danshi, ledoji na kayan da suka ɓaci, 'yar rigar sanyi da safa saboda sanyin jirgi, da abin taɓawa da ya saba ci. Dokar filin jirgi da ke hana sa abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100 cikin jakar hannu tana sassauta wa madara da abincin yara, amma ki fito da su daban ki nuna wa masu bincike. Magunguna duka a jakar hannu za su zauna. Haka ma abin da ba ya barci sai da shi, ko bargo ne ko 'yar tsana ko kofinsa. Wannan ɗin ba ya sayuwa a ko'ina, ki kula da shi yadda kike kula da fasfo.

Shawarar ƙawarki kuwa, ki ajiye ta. Magungunan mura masu sa barci ba a ba ƙananan yara su don a kwantar da su. Suna iya danne numfashi, wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice, su yi ta kuka da zabura, kuna sama babu wurin zuwa. Abin da ke sa yara kuka a jirgi galibi kunne ne, kuma ya fi tsanani lokacin sauka, sa'ad da iskar cikin jirgi take sauya matsi. Haɗiya ce ke buɗe kunnen. Ki ajiye masa nono ko ruwa a kofi mai tsinke, ki fara ba shi da zarar jirgi ya soma gangarowa, kamar rabin awa kafin sauka. Idan barci yake, ki tashe shi a hankali, don mai barci ba ya yawan haɗiya. In ya kamu da ciwon kunne ko mura mai nauyi ana gobe tafiya, likita ya gan shi tukuna. Don ɗebe masa kewa, ƙananan abubuwan wasa uku ko huɗu da bai taɓa gani ba sun isa, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya.

Jakar magani ba ta buƙatar girma. Ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa da sirinjin auna shi, ƙunshin gishiri da sukari na ORS, ƙwayar zinc, man shafawa na ƙurajen famfas, filasta, da duk maganin da yake sha kullum, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Ki tafi da farasitamol ɗin da kika saba da shi, saboda ƙarfinsa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wani miligiram 120 ne a mililita 5, wani 160, wani 250, a Amurka ma sunansa daban ne, acetaminophen. Likita ya auna yaron ya rubuta miki mililita nawa za ki ba shi daga wannan kwalbar, kuma kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Asfirin ba na yara ba ne, haka ma maganin tsayar da gudawa na manya.

Gudawa ce ta fi yawan ɓata wa masu yara hutu, kuma abin tsoro a cikinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki haɗa ORS da daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, da ruwan kwalba ko tafasasshe, ki ba shi kamar rabin kofi bayan kowane zawo, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai, ki jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. Zinc kuma miligiram 20 a rana, kwana 10 zuwa 14. Kada ki hana shi abinci ko nono. Amma idan kika ga jini a bayan gida, ko idanunsa sun faɗa, ko yana kuka ba hawaye, ko fitsari ya ɗauke, ko ya yi laushi ya ƙi shan komai, ko ya yi jijjiga, to asibiti za a nufa ba jira. Shi ya sa nake son ku yi inshorar lafiya ta tafiya da sunansa a ciki, ku kuma tambayi otal ɗin asibiti mafi kusa tun ranar da kuka sauka. A wurin cin abinci ki zaɓar masa mai zafi wanda aka sauke yanzu, da 'ya'yan itacen da ke da kanki kika ɓare. Ƙanƙarar da ake sa wa a lemo ki bar ta, inabi ki tsaga shi a tsaye, gyaɗa da danginta kuma kada a ba shi guda-guda, suna shaƙe yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyarku shi ne ruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ne suka fi kowa nutsewa. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa, shiru yake tafiya, cikin ƙasa da lokacin da za ki amsa saƙo a waya, kuma ko ruwan da bai kai gwiwarsa ba ma yana iya nutsar da shi. Yakan faru ne a inda manya suke da yawa, kowa ya ɗauka wani ne ke kallo. Ku yi ƙa'ida ke da maigida: a kowane lokaci mutum ɗaya ne ke da yaron, ba waya a hannunsa, yana kusa yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi, kuma ba ya tashi sai ya ce "na ba ka shi" ɗayan ya amsa. Robobin da ake hurawa a sa a damtse kayan wasa ne, suna sacewa, suna zamewa. In za ku shiga kwalekwale ko ku kusanci teku, rigar ceto ta gaskiya daidai nauyinsa za a sa masa. Ma'aikacin ceto na otal mutane da yawa yake kallo, ba ɗanki kaɗai ba. Ɗakunan nan masu ƙofar da ke buɗewa kai tsaye zuwa wurin ninkaya suna da kyau a hoto, amma ba da yaro mai tatata ba. Kwamin wanka mai ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa (jacuzzi) ma ba a sa yaro ƙasa da shekara 5. Ki tafi da famfas na ninkaya, domin na yau da kullum kumbura yake a ruwa, kuma in yana gudawa kada ya shiga ruwan jama'a sam.

Rana a bakin teku ta fi ƙarfi saboda yashi da ruwa suna mayar da haskenta, kuma duhun fata ba ya hana ƙuna. Man kariya daga rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyarsa da ke jikin kwalba) 30 ko sama, a shafa minti 20 kafin fita, a sake duk awa biyu da kuma bayan ya fito daga ruwa. Hula mai faɗi da rigar ninkaya mai dogon hannu sun fi man aiki. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET kashi 10 zuwa 30 ya halatta a shekarunsa: man rana a fara, shi a bisa, ki shafa a tafinki sannan ki shafa masa, ban da hannuwansa don baki yake kai su.

Rabin kayan da kika lissafa za su ragu da saƙo ɗaya zuwa otal ɗin. Ki tambaye su ko suna ba da gadon yaro da kujerar cin abinci, ko ɗakin yana da firji, ko suna wanki, ko akwai kanti kusa mai famfas da madara, ko motar da za ta ɗauko ku tana da kujerar yara. Ki tambayi shekarun da sashen wasan yara yake karɓa, don da yawa sai daga 3 ko 4, kada ki sa rai da hutun da ba za ki samu ba. In suna wanki, kayan kwana biyar sun ishe shi. Keken turawa mara nauyi mai naɗewa yana da amfani, kuma yawanci ana barin ki da shi har ƙofar jirgi.

Da kun shiga ɗaki, kafin ki kwance kaya, ki durƙusa ki dubi ɗakin daga tsayinsa: ƙofar baranda da kujerun da zai taka ya hau, igiyar labule, butar dafa ruwa, kwalaben cikin firji, soket, da rimot, saboda ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli yana ƙona maƙogwaro cikin awa biyu in an haɗiye shi. Idan agogon ƙasar ya bambanta da naku, ki sa ran kamar kwana ɗaya ga kowace awa ta bambanci kafin barcinsa ya daidaita. Hasken safiya da bin tsarin kwanciyar da ya saba, wanka sannan labari sannan kashe fitila, su ne ke gaggauta shi. Kada ku tsara komai a ranar farko.

Idan babban akwati bai iso ba, ku cike takardar rahoto a filin jirgin kafin ku fita, ku adana rasitin duk abin da kuka saya na dole. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin fasinjojin jirgin sama, kuna da kwana 21 daga ranar da aka kawo kayan ku rubuta wa kamfanin neman diyya.

Bayan kun dawo, in ya yi zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje a makonnin farko, ki faɗa wa likita ƙasar da kuka je da ranar da kuka dawo, ko bai tambaya ba, domin wannan yana sauya gwajin da zai rubuta.