Safulai ɗin da ya cinye mini ribar benci 120

Wai kai da ka gama sakandare, waya a hannu dare da rana, ni za ka tambaya ma'anar supply da ke cikin takardar da mutumin nan ya kawo jiya? Yaran yanzu ke nan. To zauna.

Shi ne abin da muke kira safulai: ka kawo wa mutum kayan da yake buƙata. Wannan ko ɗan dako ya sani. Abin da ba a gaya maka a makaranta ba, kalmar ba ta tafiya ita kaɗai, kuma abin da ke biye da ita shi ke yanka mutum. In ka ga supply to, duba sunan garin da ke gaba, don nan za ka sauke kaya da kuɗinka. In ka ga supply and fix ko install, har kafawa a wuyanka take.

Watan Afrilun 2023 wani ɗan kwangila ya zo shagon nan, babbar riga sai ƙamshi, yana son benci 120 na firamare. Muka yi ciniki, ya ba da rabi kafin alƙalami, ya miƙo takarda na sa hannu. A zatona in na gama zai turo mota nan Gusau ya kwashe abinsa. Malaina busasshiya na sa, ba irin ɗanyen katakon da wasu ke lulluɓewa da fenti ba. Je ka tambaya, har yau ana zama a kansu.

Da na kira shi, sai ya yi dariya, wai Malam ba ka karanta ba? An rubuta supply and deliver to site, wato ni zan kai kayan har makarantar. Makarantar kuwa can wani ƙauye gaba da Talatar Mafara, ta wajen Bakura. Kuma a tsakanin nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Direbobi suka ninka kuɗi, suka ƙara na tsoron hanya. Sawu uku motar kanta ta yi. A na ƙarshe gargada ta karya ƙafafun benci tara, hedimasta ya ce ba zai sa hannu ba sai an gyara. Na kwana biyu a aji, kan tabarma, ina buga ƙusa da fitilar waya.

Cikon kuɗina? Kashi-kashi ya biya, har yau da saura. Ranar Juma'a ina ganinsa a sahun gaba, har hannu yake miƙo mini.

Ɗauko takardar jiyan ka karanta mini abin da ke bayan supply ɗin, a hankali, ban da cin baki. In akwai sunan gari, ka je tasha ka tambayo kuɗin mota kafin in buɗe baki in faɗi farashi. Kuma zarton nan da ka bari a ƙasa, wa kake jira ya ɗauke maka?