Tambaya da Amsa: Abin da ban shuka ba ya cika min lambu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina da ɗan fili a bayan ɗaki da nake shuka alayyahu da albasa, to bana na sa an kawo min takin awaki na zuba, ruwa na sauka sai ga tsirrai ko ta ina, wasu kamar tumatir, wasu masu faɗin ganye suna yaɗo, har da wani mai kama da gauta kuma yara na wasa kusa da shi. Maigida ya ce in tuge duka, ni kuma ina tausayinsu. Ya zan yi? Daga wata uwar gida a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gyauro ne wannan, kuma yawancinsa a cikin takin nan ya zo. Akuya ta ci ruɓaɓɓen tumatir a bola ko ɓawon kankana da 'ya'yansa, ba duka irin ke narkewa a cikinta ba, yana fita da ransa ya kwanta cikin kashi sai ya ji danshi. Ga ruwan wanke-wanke da ake watsawa gefen lambu, ga tsuntsaye da jemagu masu yar da ƙwallon darbejiya.

Kada ki tuge duka, kada kuma ki bar duka. Ki jira su wuce ganye biyun farko, don a lokacin kusan kowa kama yake da kowa. Na tumatir ki murza ganyen ki shinshina, ƙamshinsa ba ya ɓuya. Ki zaɓi biyu ko uku masu kaurin jijiya ki dasa su da yamma, ki bar kamar kamu ɗaya tsakaninsu, sauran ki cire don za su shanye wa albasarki taki su rufe mata rana. Amma fa kada ki sa rai lallai ya yi irin wanda aka saya a kasuwa, da yawa daga tumatir ɗin kasuwa irin haɗi ne na kamfani, 'ya'yansa kan fito daban, wani lokacin ƙanana masu tsami, duk da haka miya dai za ta yi. In kin ga ganye na nannaɗewa yana rawaya, ki tuge ki ƙone.

Masu yaɗon nan ko kabewa ce ko kankana ko duma. Ɗaya ma ta ishe ki cinye fili, ki jagorance ta ta hau danga. In ta yi 'ya'ya ki ɗanɗana kaɗan da harshe kafin ki dafa, in akwai ɗaci mai tsanani ki tofar ki zubar da ita gaba ɗaya, ɗacin nan guba ne mai sa amai da gudawa kuma dafuwa ba ta kashe shi. Lalo, rama da tafasa kuwa in sun fito ai kyauta ce daga Allah.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai kama da gautan nan da kika ce yara na zuwa wajensa. Ina tsoron zaƙami ne. Ganyensa na da wari mara daɗi in an murza, furensa dogo ne kamar bakin kakaki, yawanci fari, ɗansa kuma dunƙulalle mai ƙayoyi cike da ƙananan 'ya'ya. Komai na jikinsa guba ne, yaro ya ci sai baki ya bushe, jiki ya yi zafi, ƙwayar ido ta buɗe ya kama sambatu. Wannan kam maganar Maigida ce daidai, yau ɗin nan ki sa leda a hannu ki tuge shi da saiwarsa, kada ki jefa wa awaki. Haka zurma da bini-da-zugu, 'ya'yansu na jan hankalin yara sosai. In kuwa, Allah ya kiyaye, yaro ya riga ya ci, a wuce asibiti kai tsaye a tafi da reshen don likita ya gani, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Darbejiya ko mangwaro da ya tsiro jikin katanga ko kusa da sokawe ki cire tun yana ƙarami, saiwa na fasa gini. Baɗi kuma ki tara takin ki riƙa jiƙa shi kina juyawa har ya yi zafi ya ruɓe sosai, sannan ki ba fili ruwa sati biyu kafin shuka, duk abin da ya leƙo ki bi shi da fartanya.