Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan bashin gida

Salamu alaikum 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, kin ce ke da maigidanki kun samu gida ta hanyar NHF, wato asusun gwamnatin tarayya na ba da bashin gida, an yanka muku shekara 20 ana cira duk wata, kina so ku gama kafin lokacin amma albashin ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Na so in amsa tun jiyan sai cajina ya ƙare ga babu wuta. Mu ma ta nan muka bi, don haka ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Mu miliyan 5 muka karɓa a 2014, shekara 20, ruwa kashi 6 cikin ɗari kamar yadda tsarin yake, duk wata ana cire wajen 35,800 a albashin Baban yara. Shekara biyun farko ko a jikinmu, ana cira muna hamdala mun rabu da mai gidan haya. Sai wata rana ya je bankin ya karɓo takardar lissafi ya kawo min, na zauna da kalkuleta na haɗa, mun biya kusan 860,000 amma abin da aka zaftare daga uwar kuɗin bai kai 280,000 ba. Wallahi na ɗauka kuskure suka yi, har na ce masa gobe ya koma ya yi musu faɗa. Ashe haka abin yake. Ruwan ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage a kanku, to a farko da yake bashin na nan da ƙarfinsa, cikin 35,800 ɗin nan 25,000 ruwa ne zalla a watan farko, 10,800 ne kawai ke taɓa uwar kuɗi. Da mun bi shekara 20 ɗin har ƙarshe, ruwan kaɗai zai kai wajen miliyan 3.6.

Shi ya sa nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni, ƙarin da za ki yi yanzu ya fi wanda za ki yi nan da shekara 10 amfani nesa ba kusa ba. A irin namu lissafin, wanda ya ɗora 20,000 a kai duk wata tun daga watan farko, a shekara 10 zai gama, kuma kusan miliyan 2 na ruwa ba zai biya ba. Ki ɗauki naku adadin ki buga ki gani.

Amma kafin ku tura ko sisi, dan Allah ku je bankin da kuka bi ta hannunsa ku tambaya yadda ake ƙarin biya, kuma su ba ku a rubuce. Mu nan muka ci wuya. Wata 5 muna tura ƙari cikin asusun muna ta murna, ashe ajiye shi kawai suke yi suna jira wata ya zagayo su ciri nasu, uwar kuɗi na nan inda take ruwa na ta hawa. Sai da Baban yara ya rubuta wasiƙa ga manaja cewa duk abin da ya haura kuɗin wata a zaftare shi daga uwar kuɗi, aka buga masa hatimi a kwafinsa, sannan aka gyara. Daga nan duk ƙarin da muka kai sai mun karɓi risit, duk wata shida sai mun karɓi sabuwar takardar lissafi. Ku tambaya kuma ko akwai tara a kan biya da wuri, kar ku ɗauka babu.

To ina kuɗin ƙarin zai fito, ai nan ne tambayarki take. Gaskiya ba wani sirri, littafi na saya irin na 'yan makaranta, wata guda cur duk abin da ya fita daga gidan nan na rubuta, har ashana da kuɗin niƙa. Ƙarshen wata da muka duba kunya ta kama mu duka. Shi nasa tsire da lemo na dare da katin waya, ni nawa anko. A wata ɗaya na yi anko uku, ga ɗinki ga gudummawa ga kuɗin Napep zuwa da dawowa, kuma ɗaya daga cikin amaren ko sunanta na gaskiya ban sani ba, ƙanwar ƙawar maƙwabciya ce. Sai na yanke wa kaina anko sai na jini, 'yan uwa na kusa kawai, sauran in sa abin da ke cikin akwatina in je in yi Allah sanya alheri in ba da abin da ya sawwaƙa. An yi ta magana kam, har wata ta ce min wai tunda muka shiga gidan kanmu na fara ji da kai. Na shanye, ai ba ita ake cire wa albashi ba.

Abinci shi ya fi cin kuɗi a kowane gida, kuma a nan muka fi samun sauƙi. Mun daina awo da kwano a kanti. Da kaka ta yi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sai mu haɗa kai da ƙanin maigidana a je Dawanau ko kasuwar ƙauye a sayo masara da gero da wake da shinkafa 'yar gida na shekara. Waken a buhun nan mai leda biyu a ciki nake zubawa a ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ba sai an sa magani ba kuma ƙwari ba sa taɓa shi. Tumatir da tattasai da attaruhu lokacin da suka yi araha da sanyi nake saya in yanka in shanya, kuɓewa ma haka, sai damina ta zo ana kuka da tsadar kayan miya ni ina ɗebo kauɗa a bokiti. Ragon layya kuwa mun daina sayen shi a satin sallah. Bayan sallah da wata biyu ko uku nake sa a kawo min ƙananan raguna biyu, dusa da ƙaiƙayin wake da ragowar tuwo, in sallah ta zo mu yanka ɗaya mu sayar da ɗaya, kuɗin wanda aka sayar ɗin kai tsaye banki yake tafiya.

Sai adashi. Ina zubi a na wajen aikinmu, kuma na roƙi uwar adashi ta riƙa ba ni kwasa a tsakiya. Ranar da na kwasa ba na bari kuɗin ya kwana a gida, don na san halina, in ya kwana sai labule ya tsufa a idona, sai kujeru su fara ba ni haushi. Haka duk wani kuɗin da ba mu sa rai ba, ariyas ko alawus ɗin tafiya ko ƙarin girma, mun yi yarjejeniya rabi na bashi ne rabi na gida. Da aka yi masa ƙarin albashi ba mu ƙara cefane ba sai da muka fara cire na bankin. Ina kuma ɗan ƙulla zoɓo da kunun aya yara na kaiwa shagon bakin layi, ba wani abin kirki ba ne amma shi ke ɗauke kuɗin tara na makaranta da sabulu.

Abu biyu ne ba mu taɓa ba ko sau ɗaya, kuɗin da ake aika wa iyaye da kuɗin makarantar yara. 'Yan uwa masu zuwa da lalura kuma muka ware musu wani abu duk wata, in ya ƙare ya ƙare, a ba mutum haƙuri da fuska a sake. Kin san gidan Bahaushe ba a rufe ƙofa, amma in ba ki yanka wa abin iyaka ba, ke ce za ki koma neman rance.

Kuskuren da muka yi wanda ba na so ki maimaita, akwai shekarar da muka zaƙe muka kwashe komai muka kai banki, ko 10,000 ba mu bari ba. Sai ga autana kwance a asibiti an ce sai an ƙara masa jini, ranar da ƙyar muka haɗa, sai da na sayar da ɗan kunnena. Banki ba zai dawo miki da abin da kika kai ba don ɗanki ba lafiya. Tun daga lokacin sai da muka tara abin da zai riƙe gidan wata 3 a gefe kafin muka ci gaba da ƙari. Kuma dan girman Allah kar ki ci bashin manhajojin wayar nan ko na mai ba da kuɗi da ruwa wai don ki rage na gida, nasu ruwan na wata ɗaya kan fi na NHF na shekara guda.

Zan gaya miki wata magana don adalci. Wani abokin Baban yara ma'aikacin banki ne, ya sha ce masa wauta muke yi, bashin kashi 6 a ƙasar da kaya ke tashi fiye da haka ai ba a gaggawar biyansa, 35,800 ta yau ba ita ce ta shekara 10 masu zuwa ba, gara mu sayi fili ko hatsi mu ajiye. Kuma ta fuskar lissafi yana da gaskiya, ko a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Na ɗaya ruwan nan bai taɓa kwanta mana ba, ni ba malama ba ce ba zan yi miki fatawa ba, ki tambayi malamai, amma mu mun ƙudura mu fita da wuri iya ƙarfinmu. Na biyu hadisin nan da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Na uku maigidana shekarun aikinsa sun ja, ga doka shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, ba ma so ritaya ta same mu ana bin mu. In naku yanayin ba haka yake ba, ku zauna ku auna.

Shekarar ƙarshe ita ta fi wuya. Saura kaɗan mu gama aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita daga ƙasa da 200 ta haura 500, motarmu ta kwanta a gareji sai ranar Juma'a da ziyara, shi ya koma bin motar abokin aikinsa suna raba kuɗin mai. Wata 3 ba mu ƙara ko kwabo ba. Daga baya na sayar da raguna biyun duka, layyar shekarar da ta biyo baya kuɗi muka haɗa da 'yan uwansa aka yi watandar sa, muka rufe bashin a ƙarshen 2023, shekara 9 da 'yan watanni.

In kun gama kar ku ce shi ke nan ku zauna. Ku karɓi takardar shaidar an biya duka, ku tabbatar ofishin biyan albashi sun dakatar da cirewa, mu sai da aka ƙara cire mana wata biyu muka yi ta zarya kafin a dawo da shi. Ku bi takardun gidan har su zo hannunku, namu wata 4 suka ɗauka. Kashi 2.5 ɗin NHF da ake cira a albashi kuma daban yake da bashin, shi ajiya ce, in mutum ya yi ritaya yana da haƙƙin ya nemi a mayar masa, ki tuna wa maigidan ya adana lambarsa. In ba damuwa ki rubuto nawa kuka karɓa, wace shekara, da nawa ake cira, in na dawo daga aiki gobe sai in buga miki lissafin yadda ƙarin 10,000 ko 15,000 zai rage muku shekaru.